Jitar da Ban Saya Ba

Ina turken tumaki ina kwaɓa musu dusa wayar ta shigo. Hannuna duk ya ɓaci, sai da ta katse ta sake shigowa sannan na goge shi a jikin buhu na ɗauka. Muryar mace ce. Ta gaishe ni da Baffa, ta tambayi iyali, ta ce daga Katagum take kira. Ban gane ta ba sai da ta faɗi wanda ya haife ta.

"Baba ne ya ce in neme ka. Tun kafin azumi yake kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ce in ka sami sarari ka zo, akwai abin da zai sayar maka."

Na ce, "Sayarwa kuma? Mene ne?"

Ta ce, "Jitarsa ce, Baffa."

Na sami wani tsohon turmi da ke kife a wurin na zauna. Rabon da wani ya ambaci jita a gabana, har ya haɗa ta da ni, an fi shekara arba'in.

Mahaifin yarinyar abokina ne tun muna kwalejin horon malamai. Iyayensa daga wajen Gashuwa suka zo Azare da fataucin kanwa, suka ga wurin zama suka zauna. Shi Babarbare ne, ni kuwa kakannina Fulani ne, saboda haka tun ranar da aka haɗa mu ɗaki ɗaya ba mu taɓa kiran juna da suna ba. In ce masa Babarbare, ya ce mini Bafillace, kowa yana rantsuwa ɗan'uwansa bawansa ne.

A makarantar akwai wani malamin lissafi, mutumin Gana, wanda ya zo da kayan kiɗansa: ganguna, ƙananan jita biyu, da wata babba mai dogon wuya da yake kira bes. Ita ba ta da amo sai an jona ta da wuta da lasifika. Tsirkiyarta huɗu ce kawai, kowacce da kauri kamar wayar birkin keke. Ranar da malamin ya ce masu sha'awa su zo su koya, kowa ya yi kan ƙananan, domin su ne ake jin muryarsu, su ake kallo. Ni ma ɗaya na cafke. Babarbare ya zo a makare saboda ya tsaya wanki, ya tarar babu abin da ya rage sai babbar. Ya ɗauka yana gunaguni. Kafin ƙarshen zangon nan babu wanda ya isa ya taɓa ta sai da izininsa.

Da malamin zai koma ƙasarsu ya rasa yadda zai yi da kayan. Babarbare ya sayar da kekensa, keken da mahaifinsa ya saya masa, ya karɓi jitar. Ko a lokacin tsohuwa ce. Ja ce mai duhu kamar ruwan zoɓo, fentin ya goge a inda hannu ke hawa har katakon ya fito. Mahaifinsa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa.

Bayan mun gama makaranta mu biyar cikin waɗanda suka koyi kiɗan muka ci gaba. Duk muna koyarwa a firamare, ranar Asabar kuma mu yi kiɗa a bikin ma'aikata ko liyafar sallamar wani babba da aka yi wa canjin wurin aiki. Mun je Misau, mun je Shira, sau ɗaya har Potiskum a bayan motar gyaɗa. Waƙoƙin da ake ji a rediyo muke maimaitawa, sai guda ɗaya da muka haɗa da kanmu, a kan wata motar haya da ba ta tashi sai fasinja sun tura. Ita mutane suka fi so. Babarbare ba ya rawa, ba ya murmushi in yana kiɗa. Yakan tsaya can baya kusa da mai ganga, ya rufe ido, kansa kaɗai ke motsi. Amma in ya daina kaɗawa, kiɗan gaba ɗaya sai ya zama kamar miya ba gishiri, har masu rawa su waigo.

Ni na fara janyewa. Lokacin da nake neman aure, wanda zai zama surukina ya kira ni zaurensa, ya dube ni ya ce, "An ce mini kai makaɗi ne." Na ce a'a, ni malamin makaranta ne, abokai kawai nake rakawa. A makon nan na ba wani ɗalibina jitata. Ban gaya wa Babarbare dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Daga baya na zama hedimasta, na je Makka, aka sa ni a kwamitin masallacin unguwa. Shi kuwa ya bar koyarwa ya buɗe shagon gyaran rediyo, daga baya ya koma Katagum, garin matarsa. Sauran ukun kowa ya kama gabansa, biyu ma sun rasu, ɗayan ba a san inda yake ba. Na riƙa jin labari cewa har yanzu yakan rufe shago da rana tsaka ya jona jitarsa ya yi ta kaɗawa shi kaɗai.

Akwai ranar da ba na son tunawa. Mun fito daga ta'aziyya ni da wasu dattawan unguwa, muna wucewa ta bakin tasha, sai na ji an kwaɗa kira, "Bafillace!" Yana tsaye da kwalin kayan rediyo a ka. Da na waiga sai ya fara kwaikwayon kiɗan waƙar motar nan da baki, dum dum dudum, yana buga ƙafa. Na ƙarasa na ba shi hannu, na ce, "Malam, an zo lafiya? Ya mutanen Katagum?" kamar wanda na taɓa gani sau ɗaya a wurin ɗaurin aure. Ya dube ni, ya ce lafiya lau. Muka wuce. Bayan wannan mun haɗu sau uku ko huɗu a jana'iza, muka gaisa, shi ke nan.

Kwana biyu da wayar na shiga motar Katagum. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo, a wasu wuraren ruwa ya hau titi har direba ya riƙa lallaɓawa. Da muka kusa gari sai shinkafa ko'ina, kore shar, da masu kamun kifi a bakin kwalbati. Ban gaya wa kowa a gida abin da zai kai ni ba. Dubiya kawai na ce.

'Yar tasa ta tare ni a ƙofar gida. Malamar firamare ce ita ma, mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ke jinyarsa tunda mahaifiyarta ta riga mu gidan gaskiya. Ta kai ni ɗakinsa. Yana jingine da bango a kan katifa, an tokare shi da matashi. Mutumin da na sani ƙato, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ya zama kamar an zare masa rabi. Hannunsa na dama na kwance a cinyarsa, yatsun a lanƙwashe. Bakinsa ya karkace. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi magana, kalmomin suna fitowa da nauyi.

"Wa ya bar bawan nan ya shigo da takalmi?"

A ƙofa na cire takalmina, shi ma ya gani. Na durƙusa na kama hannunsa na hagu, na ce, "Ubangidanka ne ya zo, Babarbare, tashi ka gaishe shi." Shi ya yi dariya, rabin fuskarsa kawai ta yi dariyar.

Aka kawo fura da soyayyen kifi. Muka yi hirar ciwon, da asibiti, da waɗanda suka mutu. Bai ambaci ranar tasha ba. Can sai ya yi wa 'yar alama da ido, ta jawo wani dogon akwati daga bayan ƙofa. Akwatin da na sani ne, an ɗaure mariƙinsa da wayar wuta. Ta buɗe. Warin tsohon katako da man keken ɗinki ya bugo ni. Tana nan yadda take, sai dai gogewar fentin ta ƙara faɗi. Babu ƙura ko ɗigo a jikinta.

Ya ce 'yar ta ɗauki hotonta ta sa a waya, wani saurayi daga Jos ya gani ya kira, ya ce irin wannan ƙirar an daina yin ta tuntuni, masu kiɗa suna nemanta ido rufe. Kullum sai ya kira.

"Ban amsa masa ba," in ji shi. "In na mutu tana gidan nan, 'ya'yana maza za a sa musu ita a gado, kowa ya ce ba ya so. Ɗakin kaji za ta ƙare. Gara in san hannun da ta shiga tun ina gani. Kai ne ka rage wanda ya san ta."

Na ce, "To ai ni na manta kiɗa."

"Ban ce ka kaɗa ba. Saya na ce."

"Nawa?"

"Tunkiya ɗaya. An ce kana kiwo. Da kyauta zan ba ka, amma na san halinku. In aka ba Bafillace abu kyauta, ƙarƙashin gado yake turawa. Wanda ya ba da dabbarsa a kai, shi yake kula da shi."

Ko ni da ban san kasuwar abin ba na san wanda yake kira daga Jos ba tunkiya ɗaya ya yi tayi ba. Na dubi 'yar. Ta sunkuyar da kai ta ce duk yadda Baba ya ce, haka za a yi.

Sai ya ce a jona ta. Akwai wata lasifika da ya haɗa da hannunsa a cikin akwatin katako, 'yar ta jona ta da batirin sola. Aka ji wani ɗan gurnani. Ta ɗora mini jitar a cinya. Nauyinta ya ba ni mamaki, na manta haka take. Na taɓa tsirkiya ɗaya, kwanukan da ke jere a kan kabad suka amsa. Na yi ƙoƙarin danna wuyan da hannun hagu, yatsuna suka ƙi, tsirkiyar tana cizona, abin da ya fito ba kiɗa ba ne.

"Kai, ka ji ɓarna," in ji shi. "Matso nan."

Na hau katifar na zauna a damansa, kafaɗata tana gogar mataccen hannun. 'Yar ta gyara mana jitar, gangar jikinta a cinyata, wuyanta ya ratsa ta gabansa. Ya ɗaga hannun hagu ya kama wuyan. Yatsun nan da suka rame suka sami wurinsu ba tare da ya duba ba.

"Ni zan danna, kai ka ja. Tsirkiyar sama sau biyu, sannan ta biyun. In na gyaɗa kai ka ja."

Da farko muka yi ta saɓani. Ya danna ban ja ba, na ja bai danna ba. Ya zage ni da Barbarci, na rama da Fillanci. A karo na huɗu ko na biyar abin ya hau. Waƙar motar ce. Ban san tana nan a hannuna ba sai da na ji ta tana fitowa. Ya rufe ido, kansa ya fara motsi. Mun yi ta zagaye ita kaɗai, ba ganga, ba murya, na tsawon lokacin da ban iya ƙiyastawa ba. 'Yar tana tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafi. Ta ce mini daga baya tun da ya faɗi bai bari an buɗe akwatin a gabansa ba, sai dai ta goge ta a tsakar gida.

Hannun nasa ne ya gaji ya zame. Ya jingina kai da bango yana haki, yawu na bin gefen bakinsa. Na goge masa da hannun rigata.

Ya ce, "To, ya ka gani?"

Abin da ya kamata in ce a lokacin ɗaya ne, na kuma san shi. Amma sai na ji bakina ya ce, "Bari in je gida in yi shawara."

Ya buɗe ido ya dube ni. Ya ce, "Yi shawararka. Mutumin Jos na ce masa ya ba ni sati biyu."

A mota ina dawowa na riga na saye ta a zuciyata. Har na zaɓi inda zan ajiye ta, saman kabad ɗin littattafaina. Amma da muka shigo Azare, na sauka, na bi layinmu mutane suna ta "Alhaji, barka da dawowa," sai na fara ganin kaina ina sauke wannan dogon akwati daga mota a ƙofar gida, ga masu shago, ga masu zaman dakali. Kowa zai tambaya. In na ce jita ce, sai a ce ta wa, me za a yi da ita.

Washegari da hantsi na gaya wa Hajiya, matata. Tana tsince shinkafa a faranti. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce wani tsohon abokina ne yake so in ajiye masa wani kaya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mai jar jitar nan?"

Na ce, "A ina kika san ta?"

Ta ce, "Malam, a bikin 'yar gidan kawuna fa kuka yi kiɗa. Muna leƙe ta kan katanga ni da ƙawayena. Kana sanye da riga mai ruwan ƙwai, wandonka mai faɗin ƙafa. Shi yana baya da jar jitarsa, kai kana gaba. Da aka ce kai ne kake nemana ai na gane ka."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Kai ma ba ka taɓa faɗa ba. Na ga kamar ba ka so a sani."

Shekara arba'in da ɗoriya muna tare. Na zauna ina kallonta tana ware tsakuwa daga shinkafa. Ta ce in dai don ta ita ce, in kai masa tunkiyar, har da ɗan ragon nan in ƙara masa. Ta ce mutumin da ke kwance ba ya neman abu don wasa.

Babban ɗana yana zaune da iyalinsa a sashe ɗaya na gidan, yana koyarwa a Islamiyya. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Uwarsa ce ta gaya masa, ina jin don ta share mini hanya. Ya same ni a zaure bayan azahar, ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana murza yatsun ƙafarsa.

"Baba, in taimako ne, mu haɗu mu kai masa tunkiyar da buhun gero, ya riƙe kayansa. Amma a shigo da ita gidan nan... Yara suna gani. Ni kuma ina gaya wa 'ya'yan mutane abu a makaranta, su zo su tarar da wani abu a gidanmu. Ka fi ni sani, Baba. Duk abin da ka yanke daidai ne."

Ban yi fushi da shi ba. Ni na tarbiyyantar da shi a haka. Bai san mahaifinsa ya taɓa riƙe jita ba sai a ranar, kuma na ga yadda yake kauce wa idona, kamar ya tarar da ni ba riga.

Kwanakin nan na yi su ba natsuwa. In na idar da salla in ce zan saya, in na fita ƙofar gida in ce ba zan saya ba. Na yi tunanin in saya in bar ta a Katagum wurin 'yar, sai na tuna ba abin da ya roƙa ke nan ba. Na yi tunanin in naɗe akwatin a tabarma in shigo da shi kamar kayan gona. Da na kama kaina ina wannan lissafi, dattijo mai jikoki yana dabarar ɓoye abu kamar ɓarawo, kunya ta ishe ni. Yatsuna biyu na dama sun yi bororo saboda jan tsirkiyar ranar nan. Na riƙa shafa su da babban yatsa har suka warke.

Ana saura kwana biyu wa'adin ya cika na yanke shawara. Na zaɓi tunkiya, wata fara mai baƙin kunne da ta saba haihuwar tagwaye, na ware ta na ɗaure. Na yi magana da wani direba zai zo da safe. Hajiya ta daka yaji ta ƙulla, ta ce in kai wa mai jinya.

Da safen, kafin direban ya iso, aka yi sallama. Dattawa biyu ne na unguwa. Wani maraya ne zai nemi aure a gidan da ake da tsanani, suna so in shige gaba a matsayin uba. Ɗayansu ya ce, "Alhaji, mun duba duk unguwar nan, kai ne wanda in ka zauna a zauren mutum ba shi da abin da zai ɗaga maka. Tun tasowarka ba a taɓa jin ka a wani sha'ani ba." Na ce Allah ya rufa asiri. Muka sa rana. Suna fita suka ga tunkiyar a ɗaure a ƙofa, suka tambaya ko kasuwa za ta. Na ce e, amma na fasa.

Na kwance ta da hannuna na mayar da ita turke. Na sallami direban. Hajiya tana kallona daga ƙofar kicin, ta ɗauke ƙullin yajin ta shiga da shi.

Sai da rana ta take na iya kiran wayar. 'Yar ta kara masa a kunne. Na ce masa na duba gidan, babu wurin ajiya mai kyau, ɗakina yana yoyo, ga gara, kada in karɓi abu mai daraja ya lalace a hannuna. Na ce mutumin Jos zai fi ni kula da ita, tunda shi zai yi amfani da ita. Na yi ta magana. Ina jin numfashinsa a wayar.

Da na gama ya ce, "To, Alhaji. Na gode. A gaida gida."

Tunda muke bai taɓa kirana Alhaji ba.

Na aika musu da tunkiyar da buhun gero bayan kwana uku, kamar yadda ɗana ya ce. Sun karɓa, 'yar ta kira ta yi godiya. Ta ce saurayin ya zo da kansa daga Jos. A coci yake kiɗa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya kaɗa masa jitar kusan awa guda, Baba yana gyara masa riƙo. Da zai tafi da ita, Baba ya ce a juya shi ya fuskanci bango.

Na yi niyyar komawa dubiya. Na ce sai ruwa ya janye daga hanya, da ya janye na ce sai an gama yankan gero. Ana cikin ɗaurin dammuna aka kira ni da safe aka ce ya cika. Na sami jana'iza. Na tsaya a sahun gaba, domin da mutanen garin suka ga furfurata da babbar rigata sai suka matsa mini.

Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga yi wa 'yar ta'aziyya. Ta rako ni har zaure. Na ce mata ta yafe mini, ban kyauta wa mahaifinta ba. Ta ce ba komai, Baffa. Sai ta ce ranar da na kira, ita ta yi fushi, har ta ce masa wane irin aboki ne wannan. Shi kuwa ya ce mata, "Ƙyale shi. Ba rowa ba ce, tsoro ne. Tun muna makaranta yake tsoron mutane. Amma kin ji yadda ya ja ta ranar nan? Bai manta ba." Ta ce ya maimaita wannan maganar ta ƙarshe fiye da sau ɗaya kafin ya rasu.

Na sa takalmina na fita neman mota.

Bayan sadakar arba'in ta turo mini wani bidiyo a waya. Saurayin ne ya aiko mata, ya ce a nuna wa tsoho, bai san ya rasu ba. Wani babban ɗaki ne cike da mutane suna waƙa, shi yana tsaye a gefe da jar jitar a rataye a wuyansa. Na ƙure ƙarar wayar. Ana jin mawaƙa, ana jin ganga da tafi, amma ita ba a jin ta sam. Na kai wa jikata ta duba ko wayar ce ta lalace. Ta ce lafiyarta ƙalau, lasifikar waya ce ba ta iya fitar da amo mai kauri irin wannan, sai an sa abin kunne. Ta ce za ta aro mini na ƙawarta.

Na ce ta bari. Na koma zaure na sake kunna shi, ina kallon hannun yaron yana hawa yana sauka a wuyan jitar, har aka kira azahar.